Kawu Mahauci da Inda Saƙo Yake Sauka

Ranar da muka kai Kawu makwancinsa, abin da ya fi wahalar da masu ta'aziyya shi ne rasa wanda za su miƙa wa hannu. Mutum zai tuɓe takalmi a bakin tabarma, ya durƙusa, ya ɗaga kai yana duba fuskoki, ya ga duk mahauta ne abokan sana'a, sai ni kaɗai a gefe da tabarau da agogo. Sarkin Fawa, wanda suka taso tare da Kawu tun suna wankin tumbi a bakin kogin Wudil, shi ya riƙa nuna ni da haɓa yana cewa, "Ga ɗan ƙanwarsa nan, shi ya riƙe shi." Sai a juyo a ce mini ya haƙuri, in ce da godiya, a yi addu'a a shafa.

An zo da yawa, ban ɗauka za a zo haka ba. Fulani daga wajen Lajawa da Dagumawa sun jingine sandunansu a bangon zaure, ga dillalan kara, wato kasuwar shanu, ga masu tsire, ga direbobin da ke ɗaukar shanu. Wani tsohon Bafillace ya ce sau biyu yana kawo saniya sayarwa, Kawu ya shafa cikinta ya ce ya koma da ita ruga, tana da ɗa a ciki, alhali da ya yi shiru da ya same ta da arha. Wani ya ce bai taɓa ganin Kawu ya daki dabbar da zai yanka ba. Amma kowa ya gama yabonsa, da abu ɗaya yake rufewa: "Allah sarki, bai bar baya ba." Wani dillali mai jar hula ya ƙara da cewa, "Haƙurinsa ne ya ja masa. Ya zauna da juya har ta mutu."

Juya ita ce wadda ba ta haihuwa, saniya ko mace, kuma wadda yake nufi ita ce matar Kawu, wadda nake kira Inna. Na ji maganar, na sunkuyar da kai. Saboda wannan maganar ne na ɗauki biro.

Ina ɗan shekara huɗu mahaifiyata ta ba wa yayanta ni, tun da gidansa babu yaro. Inna ce ta yi mini wanka, ita ta ɗinke mini jakar makaranta, ita ta tare mini duka. Kawu kuwa ba mai ɗaukar yaro a cinya ba ne. Ƙaunarsa a tsoka take fitowa: kullum ya dawo daga kwata, wato inda ake yanka, akwai wata 'yar ƙoda ko hanta a naɗe cikin takarda, ya ajiye mini ba tare da ya dube ni ba. Shi kansa bai damu da nama ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana fawa, abincin da ya fi so shi ne ɗanwake da man gyaɗa. In an yi masa tsiya, sai ya ce shi da nama sun san juna fiye da kima.

Bayan la'asar yakan zauna a zaure ya wasa wuƙaƙensa, ɗaya bayan ɗaya, yana gwada kaifin a gashin hannunsa, har gefen hannun nan ya zama ba gashi. Ba ya son a yi masa magana a lokacin. Ba ya son mai tayin wasa, ba ya son mahaucin da ke hura nama don ya yi kumari, kuma ba ya son a yi wa mace mai sayen nama ba'a. Yana da taurin kai, wannan ba zan ɓoye ba don ya mutu. In ya ce a'a, ko Sarkin Fawa sai dai ya kaɗa kai ya tafi. Dangi sun yi ta bin sa ya ƙara aure ko Allah zai kawo rabo, ya ce ba ya yi, bai kuma taɓa faɗin dalili ba. Sai mutane suka ba shi sunan mai haƙuri, ita kuma suka ba ta ɗaya sunan.

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, Wudil ta cika da babura da rediyo mai kaset, samari suka watsar da fartanya suka nufi Kano aikin gini. A lokacin ne aka ba Inna labarin wani asibiti a birni inda ake yi wa mata allurar haihuwa. Ta riga ta haura arba'in, amma ta ce za ta gwada. Kawu ya kai ta. Wata da watanni tana hawa mota ta haye gada ta dawo da kumburarren hannu, tana murmushi, tana cewa likita ya ce a ƙara haƙuri. Babu abin da ya samu. Mata a gidan biki suka ce ai tun tana yarinya ta sha wani abu ya ƙone mata mahaifa. Ta ji, ta daina zuwa biki. Bayan damina uku zazzaɓi ya kwantar da ita, ta rasu. Kawu ya rufe ɗakinta, ya dawo da tabarmarsa zaure, a nan yake cin abinci shi kaɗai, a nan yake kwana.

Ni kuwa boko ya ɗauke ni. Na karanta likitancin dabbobi, gwamnati na biya, daga nan aka ba ni gurbi a wani ɗakin bincike a Kano, in yi nazari a kan haihuwar shanu. Kawu ya sa mini suna Likitan Shanu, wai shi yana raba su da rai ni ina raba su da lafiya. Nakan zo ranar Juma'a a kan babur ɗina, in same shi ya dawo daga kara. Wata Juma'ar ya ajiye wuƙar da yake wasawa, abin da bai saba ba, ya ce, "Likita, wai me kake nema a cikin saniya wanda ni ban gani ba? Babu lungun da hannuna bai shiga ba."

Na yi masa bayani yadda zan iya. Na ce a ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gurjiya. Ya ce ya san shi, yana ganin sa in ya fasa kai. Na ce shi ne yake sakin wani sinadari a cikin jini, mu muna ce masa homon, aikinsa ya kai saƙo ga gidan ƙwai, 'yan ƙwayayen nan biyu da ke gefen mahaifa, ya ce musu lokaci ya yi. Gidan ƙwan kuma an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kowacce a lulluɓe da tantani. Abin da muke so mu tabbatar shi ne inda saƙon yake sauka. Ya ratsa tantanin ya shiga ciki ne, ko a jikin tantanin yake tsayawa, wani abu da ke dashe a wurin ya karɓe shi? Na ce alamu sun nuna wannan saƙon a bakin tantani yake tsayawa, ta waje, amma akwai wani nau'in homon ɗin, wanda gidan ƙwan kansa yake yi, shi ratsawa yake yi ya tarar da mai karɓarsa a ciki.

Ya zuba wa ƙofa ido. Can ya ce, "To ai baƙo ne da ɗan gida. Ɗan gida ya wuce ciki kai tsaye. Baƙo kuwa ya tsaya a zaure ya yi sallama, in akwai mutum a zauren ya shiga da saƙon."

Na ce wallahi malaminmu Bature bai faɗe shi da kyau haka ba.

"In kuma babu kowa a zauren fa?"

Na ce sai saƙon ya yi ta zagaye a cikin jini har ya lalace.

"Ko an ƙara shi da allura?"

"Ko an ƙara, Kawu."

Ya ɗauki wuƙarsa ya ci gaba da wasawa. Bai ambaci Inna ba, ni ma ban ambace ta ba. Da zan tafi ya ce, "In ka gano, ka zo ka gaya mini. Ni zan fara ji." Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa tsofaffi.

Aikina yana bukatar gidan ƙwai na shanu, sabon yanka, da sanyinsa. Kawu ya ce shi zai riƙa tara mini. Na kawo masa babban fulas mai faɗin baki, na ce ya zaɓo na shanu masu lafiya waɗanda suka saba haihuwa, ya sa ƙanƙara, kada ya wanke, kada ya sa gishiri. Ƙanƙarar nan a duk unguwar mutum ɗaya ke da ita, wani mai kanti da ya sayi firiji yana sayar da daskararren nama na ƙasar waje, naman da ya kwashe wa mahauta rabin ciniki. Kawu ba ya ko gaisawa da shi. Amma duk Asabar da sassafe sai ya ɗauki fulas ya tsaya a ƙofar kantin nan, ya yi sallama, ya roƙi ƙanƙara. Sai daga baya na san wannan. Ni dai in na zo da hantsi, fulas yana jirana a zaure an rufe shi da jiƙaƙƙen buhu.

A Kano nakan niƙa naman, in sa a injin da ke juyawa da gudu har tantanin ya ware daga abin da ke ciki, sannan in zuba homon da aka yi wa alama, in ga wane ɓangare ya kama. Wata tara ina wannan. A jikin tantanin yake kamawa, amma kaɗan-kaɗan, kamar ba ya so. Na zargi injin, na zargi wutar lantarki da ke ɗaukewa, na zargi hannuna. Ranar nan malamina ya buɗe fulas da kansa, ya tsaga guda uku, ya tambaye ni ina rawayan tabon da ƙwai kan bari in ya fita. Babu. Duk a shafe suke, ƙanana, a ƙanƙance. Ya ce waɗannan shanun ba sa aiki, ba za a gina komai a kansu ba, sai dai in sake daga farko. Gaskiya na lura da ƙanƙantarsu tun tuni, gaggawa ce ta hana ni tsayawa in yi tambaya.

Ban jira Asabar ba. Washegari na hau babur na tarar da Kawu a kwata, hannunsa cikin jini, mahauta kewaye da shi. Ban ko gama gaisuwa ba na tambaye shi wane irin shanu yake ɗebo mini.

Ya ce, "Juya."

"Duka?"

"Duka. Har na wasu nake bi ina roƙa. Bafillace ba ya sayar da mai haihuwa sai da dalili, juya kuwa kullum tana kara."

Na ce ai na gaya masa masu lafiya nake so.

Ya goge hannunsa a tsumma ya ce, "Mai lafiya me za ka gano a jikinta, Likita? Ta haihu, magana ta ƙare. Wadda ba ta haihu ba ita ce ke da tambaya."

A nan na faɗi abin da har in mutu ba zan daina jin sa a kunnena ba. Na ce wannan shi ne illar sa jahili a aikin ilimi. A gaban Sarkin Fawa na faɗa, a gaban mutanen da shi ya koya musu riƙon wuƙa. Kawu bai ɗaga murya ba, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya juya ya ci gaba da fiɗa. Na tayar da babur na tafi, na bar fulas ɗin da na zo da shi a wurinsa.

Na koma karɓar samfuri a mayankar Kano, ina tsaye ana yankawa ina zaɓa da kaina. Aikin ya tafi daidai. Saƙon yana kamawa a jikin tantani, ta fuskar waje, kuma ba a warwatse masu karɓar suke ba, akwai wuraren da suka fi taruwa. Ga amsar Kawu a hannuna, amma kunya da girman kai suka haɗu suka riƙe mini ƙafa. Sallah ƙarama na aika da shadda, Sallah babba na aika da rediyo, ban je ba.

Sau ɗaya ya aiko. Wani direban motar Wudil ya kawo mini fulas ɗin har wurin aiki, a naɗe da jiƙaƙƙen buhu, ya ce, "Tsohon ya ce a gaishe ka. Ya ce wai ka duba na namijin ma." Na buɗe, na ga 'ya'yan marainan bijimi guda biyu a cikin ƙanƙara. Na ɗauka tsiya yake yi mini irin ta mahauta, ko kuwa bai gane aikin ba har yanzu. Na juye su a kwandon shara, na wanke fulas na ba direban ya mayar, babu ko kalma ɗaya ta amsa. Bayan wata biyar direban nan ne dai ya sake zuwa, ya cire hula a bakin ƙofa, ya ce an tarar da Kawu a zaure da safe, a kan tabarmarsa, rai ya yi halinsa.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, Sarkin Fawa ya ce in raka shi. Muka tsaya a gindin darbejiyar ƙofar gida. Ya ce, "Ɗan nan, akwai saƙo a wurina. Ya ce in ka zo yana raye shi zai faɗa, in ba ka zo ba ni in faɗa."

Na ce, "Ina ji, Baba."

Ya ce suna samari, kafin Kawu ya yi aure, sun kora shanu a ƙasa zuwa Kurmi. A hanya hangum ya kama Kawu, kumatunsa suka kumbura, daga baya ciwon ya sauka ƙasa, ya kumbura masa gaba har ya kasa tafiya. Kwana goma sha suka yi a wani ƙauye yana jinya. Ya warke, amma shi ya san jikinsa bai koma yadda yake ba. Mahauci ne, ya san yadda na bijimin kirki yake, ya san na wanda ba ya ba da ciki. Shekaru suna tafiya babu haihuwa, zargin yana girma a ransa, bakinsa ya kasa furtawa. Ya kai ta allura yana fata a ce zarginsa ƙarya ne.

"Shanun juyan nan da ya yi ta tara maka," in ji Sarkin Fawa, "so yake ka ce masa ga abin da ya same su, halitta ce, ba abin da suka sha ba ne. Ya samu abin gaya wa mutane. Da ka yi fushi, sai ya ce to bari ya daina kewaye, ya aika maka da ainihin tambayar. Da fulas ya dawo wayam, ya ce yaron ya gane, kunyata yake ji."

Na ce ban gane ba, Baba, wallahi ban gane ba.

"Ya ce ka faɗa. Ya ce kai ɗan boko ne, in ka faɗa za a yarda. Ya ce an yi shekara talatin ana ba shi ladan haƙuri, ita ce mai haƙurin."

To ga shi ina faɗa, ga dillali mai jar hula da duk wanda ya taɓa kiran Inna da sunan nan. Saƙon da ke zuwa wa mace shi ne yake zuwa wa namiji, daga ƙullutu ɗaya, ta cikin jini ɗaya, kuma a bakin tantani yake sauka a jikin kowannensu. Hangum in ya sauka wa baligi yana iya lalata inda iri yake fitowa, saƙo ya yi ta zuwa babu abin da zai amsa. Ba zan rantse cewa abin da ya faru da Kawu ke nan ba, don ban auna shi ba, ba a kuma auna kabari. Amma babu wanda ya taɓa auna shi, ita kaɗai aka yi ta sokawa. Shi da ya fi kowa sanin jikinsa ya ce laifin ba nata ba ne, kuma ya so ya faɗa tun tana da rai ya kasa. Wannan rauninsa ne, ya ɗauke shi shi kaɗai a zauren nan har ya mutu. Ina roƙon wanda ya karanta ya nema masa gafara, ya nema wa Inna, in da saura ya sa da ni.

Na yi kewarsa fiye da yadda na zata, kuma na yi kewarsa a makare. Da na shiga kwashe kayansa, wuƙaƙen suna jere a cikin fata, a wase, rediyon da na aiko yana cikin kwalinsa ba a buɗe ba. Fulas ɗin yana lungun da ya saba ajiye mini shi, da buhu a kansa, buhun ya bushe.

Ranar bakwai na dawo daga Kano da hantsi don in rufe gidan. Na kafe babur a gindin darbejiya, na tuɓe takalmi a bakin zaure. Kafin in tuna, bakina ya riga ya yi sallama. Na tsaya ina jira kamar yadda ya koya mini tun ina yaro, don a gidan Kawu ba a shiga sai an amsa. Na sake yi, na yi ta uku. Allah ya jiƙan Kawu, ya haɗa shi da Inna a inda babu mai tambayar wa ya bari. Na daɗe a tsaye a bakin ƙofar kafin in shiga.